Manhajar Waƙoƙi da Makullin da ke Kanta

Wata uku ke nan ina biyan kuɗin wata manhajar sauraron waƙoƙi a nan Kano, sautinta tangaran, ga waƙoƙin Hausa birjik. Na yi na'am da makullin hana kwafi da ta sanya, domin masu turi a kasuwannin waya sun daɗe suna cika memori da gumin mawaƙa. Sai dai ranar da wa'adina ya ƙare, duk waƙoƙin da na sauke suka ƙi buɗuwa, kuma tun farko na kasa tura ko ɗaya zuwa 'yar rediyon mahaifiyata, abin da ya sosa mini rai. Tun 2009 kamfanin Apple ya cire irin wannan makulli daga waƙoƙin da yake sayarwa a iTunes, amma wannan manhaja haya kawai take bayarwa.