Naira 185,000 na tura wa wani a kan tukunyar da ban taɓa gani ba

Jama'a an cuce ni, kuma ba zan yi shiru ba. Naira 185,000. Kwasar adashina ce ta wata shida, ko zani ban saya a ciki ba.

Kafin wani ya fara min wa'azi: e, irin kayan da Turawa ke dafa giya da su a gida ne, na sani, mai tallar tukunyar ma bai ɓoye min ba. Ni kunun zaki nake yi na biki da suna, da ruwan tsiro mara bugarwa da nake durawa a gora. Farkon aikin duk ɗaya ne. A jiƙa dawa, a baza ta ta tsira, a shanya, a ɓarza, a jiƙa ta a ruwan da zafinsa ya tsaya wajen digiri 65 zuwa 70 har zaƙi ya fito, sannan a tace. Tacewar nan ce ta gama da kafaɗata. Shekara tara ina matsa da yadi a kan tukunyar dalma, zafin ruwa kuma da bayan hannu nake gwadawa.

Sai na ga tallar a Facebook. Tukunyar sitenles lita 50, da famfo a gindi, da faranti mai huda-huda a ciki wanda ke riƙe dusa ruwa ya sauka shi kaɗai, da ma'aunin zafi a jikinta, da naɗaɗɗen bututun tagulla na sanyaya ruwa, har da ɗan injin ɓarza. Mai tallar ya ce sababbi ne fil a kwali, yayansa ya turo su daga Jamus, shi kuma ba shi da abin yi da su a Legas.

Ni ba yarinya ba ce, na yi masa tambayoyi. Abin da ya kama ni, da na ce dawa nake aiki da ita, sai ya ce, "Anti, kada ki bari a niƙa miki ita laushi kamar garin tuwo, ɓarza za a yi, in ba haka ba hudar farantin za ta toshe." Wallahi a nan na saki jiki. Wannan magana ce ta wanda ya san aiki. Ko mai injin unguwarmu sai na tsaya a kansa yake yi min daidai. Tun jiya nake sake sauraron muryar nan, "Anti, ɓarza za a yi." Ɓarawo ina ya san ɓarza? Ku gaya min, wace ce za ta ji haka ba ta yarda ba?

Na tura 120,000 ranar Talata. A'a, Litinin da dare, don Talata ce ya turo min hoton kwali an ɗaure da igiya an rubuta sunana. Sannan 35,000 kuɗin mota. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, na mace ne, na kuma tambaya, ya ce matarsa ce. Na tambaya fa. Kada wani ya ce ban tambaya ba. Bidiyon tukunyar ma tun kafin in tura ko sisi ya aiko shi, hannu na buɗe famfo ruwa na zuba, babu fuska, ni kuma famfon nake kallo.

30,000 ɗin ƙarshe su suka fi ƙona min rai. Wani ya kira wai direba ne, an tsare motarsu a Lokoja, sai an biya za a saki kaya. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma mai 155,000 a hanya ba ta tsayawa jayayya a kan 30,000. Na tura. 120 da 35 da 30. Naira 185,000.

Ranar Juma'a na wuni a tasha da ƙanena, lambar direba a kashe, ta mai tallar kuma tana shiga ba a ɗauka. Da magariba ya toshe ni. Ƙanen nawa ne ya sa hoton tukunyar a Google, cikin minti biyu sai ga ta a wani shafin Turawa, har tabon da ke jikin bangon bayanta. Ya ce, "Yaya, da kin nuna min tun farko." Ban amsa masa ba. Maigida ma sai shekaranjiya na iya faɗa masa, ya yi shiru, shirun ya fi min faɗa ciwo.

Na je banki na cike takarda, na kai ƙara wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu da rasit uku duk suna wayata, zan saka su da zarar ƙanena ya rufe min lambar asusuna a jiki. Muryar tasa ma zan saka, ku ji da kunnenku yadda yake cewa Anti.

In ba ku taɓa kaya da hannunku ba, kada ku tura kuɗi. In sunan asusu ya bambanta, ku gudu.

Ina da odar suna ranar Asabar, gora 200. Dawa na can a jiƙe, na je na wanke tsohon yadina.