Wane tsani ya dace da sitonka?

Kafin ka tambayi farashin tsani, ka auna abu biyu: tsayin kantar da ta fi kowacce nisa, da faɗin lungun da ke tsakanin kantoci. A shagunan kasuwannin Kantin Kwari da Singa a Kano, inda ake jibge kaya har kusa da silin, yaron shago yakan faɗo ne a lokacin da ya rungumo katan da hannu biyu, ba shi da abin kamawa.

Tsanin jingina shi ya fi araha, shi kuma ya fi rashin dacewa da sito. Ƙa'idarsa ita ce duk mita 4 na tsayi a ja ƙafarsa baya mita 1. Lungun sito ba kasafai yake ba da wannan fili ba, sai a miƙe shi tsaye, ya kife da mutum ta baya. In an ja shi da yawa a kan tayil kuma, ƙafar ta zame.

Mai buɗewa, mai ƙafa huɗu, ya wadatar wa kaya marasa nauyi. Sharaɗi dai a buɗe shi gaba ɗaya, ƙarfen tsakiya ya kulle, kuma kada a taka matakin ƙarshe. Rauninsa ta gefe yake: da mutum ya miƙa hannu nesa, sai ya tuntsure.

Idan dila ko katan mai nauyi ake saukewa kullum, mai dandamali da makari ya cancanci kuɗinsa. Mutum na tsayawa da ƙafa biyu a shimfiɗe, ƙarfe ya kewaye shi. Kanta mai mita 2.5 tana son dandamali kusan mita 1, yadda kayan za su zo daidai kafaɗa. In mai taya ne, ka hau ka jijjiga shi a gaban mai sayarwa. Birkin da bai riƙe a shago ba, ba zai riƙe a sito ba.

Alminiyum ba nauyi, amma yana ɗaukar wutar lantarki, don haka kusa da wayoyin wuta, tsanin faiba, wanda ba ya ɗaukar wuta, ya fi. Na katako kuwa, guji mai fenti, fenti na ɓoye tsagewa.

Nemi tambarin EN 131, wato ƙa'idar ingancin tsani ta Turai, a jikin tsanin. Nauyin da ya halatta a wannan ƙa'ida kilo 150 ne, wato mutum haɗe da kayan da ya ɗauko. Sannan ka juya shi ka duba robar ƙafafun huɗu, ka tambaya ko ana samun ta canji, domin ita ke fara cinyewa.