Zaɓen Sola Don Ɗakin Ajiye Kayan Tarihi a Mai Wurno

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, aka kuma wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum, nauyin kula da tsofaffin littattafai ya ƙara komawa kan al'umma. Wannan ya shafi Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk wanda ke shirin sa wa ɗakin ajiyar rubuce-rubucen Larabci da Ajami wutar sola, ya kamata ya fara da batir kafin faranti mai ɗaukar hasken rana, domin abin da ke lalata takarda shi ne sauyin zafi da danshi tsakanin rana da dare, kuma batir ne ke riƙe da ɗakin bayan faɗuwar rana.

Batirin ruwa ya fi araha, amma ba a so a sha fiye da rabin cajinsa, kuma zafin da ya haura digiri 25 yana cin rayuwarsa da sauri, alhali a nan ana wuce 40 a bazara. Yana kuma fitar da iska mai lahani ga takarda da fatar littattafai, saboda haka tilas a ware masa ɗaki daban. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya fi tsada a ranar saye, sai dai ana iya shan kusan kashi 80 cikin 100 na cajinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. A ganina, shi ya dace, ko da za a rage yawan faranti don a biya kuɗinsa.

Game da faranti, nau'in da ake kira mono ya fi wanda ake kira poli ba da wuta a ƙaramin rufi. Kowanne aka ɗauka, a kafa shi inda hannu zai kai, domin ƙurar guguwar da ake kira habub tana rage ƙarfinsa matuƙa idan ba a goge ba.

Mutane da yawa suna ɗokin na'urar sanyaya ɗaki, amma wadda ke aiki da rana ta mutu da dare ta fi rashinta illa. Ƙaramin tsari ya fi amfani idan aka ɗora masa fanka, da na'urar tsotse danshi don damina, da ƙwan LED mai taushin haske, da na'urar ɗaukar hoton shafuka. A sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita, mai ba da tsabtatacciyar wuta, a kuma nemi takardar garanti a rubuce kafin a biya.