Dillancin gida a Gombe: waya ko majalisa?

Ɗan'uwa, ka ce ba ka daɗe da shiga dillanci ba, kuma an ba ka gidaje biyu ka nemo masu saye: sabon gini a Tumfure wanda ba a taɓa shiga ba, da tsohon gida a Jekadafari da iyali ke ciki. Kana tambaya ko ka zuba ɗan abin da ke hannunka a tallar waya, wato bidiyo da Facebook da WhatsApp, ko ka kai maganar majalisar tsofaffin dillalai su baza maka. A ganina gidajen nan biyu ba hanya ɗaya za su bi ba. Halin da mai gidan yake ciki, da inda mai sayen yake zaune, su za su nuna maka hanyar kowanne.

Bari mu fara da na Jekadafari, don a nan sababbin dillalai suka fi yin ɓarna. Mutumin da zai sayar da gidan da matansa da 'ya'yansa suke kwana a ciki, da wuya a ce don nishaɗi ne. Ko bashi ya taso shi, ko jinya, ko jari ya karye, ko kuma gidan gado ne magada suke son kowa ya kama nasa. Irin wannan mutum, kafin kuɗi abin da yake nema a wurinka rufin asiri ne. Ranar da ka ɗauki bidiyon ƙofar gidansa ka saka a Facebook, kafin la'asar surukinsa ya gani, abokin kasuwancinsa ya gani, mai binsa bashi ma ya gani. Gobe sai ya ce maka ya fasa, ba don farashi bai yi ba, sai don ka tona shi. Ban da wannan, ta ina za ka ratsa tsakar gidan matan aure da waya a hannu kana ɗauka? Wannan gida na baki ne. Ka sami dattijon dillali ɗaya ko biyu da suka san unguwar, ka sanar da mai unguwa, kuma kafin kowa ka taya wa maƙwabta. Sau da yawa mai sayen tsohon gida a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana yana cikin layin, mutum ne da 'ya'yansa suka girma yana son ya faɗaɗa, ko mai son zama kusa da mahaifiyarsa. Shi ba ya buƙatar hoto, ya san gidan tun yana yaro. Abin da yake jira kawai ya ji an ce za a sallama.

Majalisa tana da wani amfanin da waya ba ta da shi: ta san waye ke da kuɗi a hannu yanzu. Tsohon dillali ya san wane ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi ya fitar da ajiyarsa ya sami riba, ya san wanda aka biya kuɗin sallama daga aiki, ya san wanda ke shirin ƙara aure yana neman inda zai ajiye amarya. Da ɗan gari akan ci gari. Yawancin waɗannan mutane ba za su sayi gida don sun ga bidiyo ba, za su saya ne don wanda suka yarda da shi ya ce musu gidan ba shi da rigima.

Amma kada in yabi majalisa in ɓoye maka ciwonta. Magana in ta fita daga bakinka ta shiga bakin dillali na biyu, ta wuce na uku da na huɗu, kowa sai ya ɗora nasa. Gidan da mai shi ya yanke wa kuɗi, kafin ya isa kunnen mai saye ya kumbura, mai saye ya ji ya ja da baya, gida ya yi wata da watanni ana cewa ba kasuwa. In kuma Allah Ya sa aka yi ciniki, ranar rabon la'ada za ka ga fuskokin da ba ka taɓa gani ba, kowa yana cewa ta hannunsa aka bi. Kai da kake sabo, kai za a bari da ƙaramin kaso. Maganinsa shi ne tun farko mai gida ya faɗi kuɗinsa a gaban shaidu, a rubuta la'adarka, kuma ka taƙaita bakunan da za ka ba maganar.

Na Tumfure kuwa, a nan waya take cin kasuwarta. Gida ne babu kowa ciki, mai shi don sayarwa ya gina, yaɗuwar labari riba ce a gare shi. Mai sayensa kuma mai yiwuwa ba ya Gombe ma. Tun da aka yanke jihar daga Bauchi a 1996 garin yake ta miƙewa, ma'aikata suka ƙaru, Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004, ga asibitin koyarwa na tarayya, sannan rikicin Borno da Yobe ya turo mutane da yawa suka zauna. Ga kuma 'yan asalin jihar da ke aiki a Abuja da Legas ko ƙasar waje, masu son su mallaki gida a garinsu. Waɗannan ba sa zama a majalisar kowa. Wayarsu ce majalisarsu.

Sai dai yawancin tallar da nake gani ba talla ba ce. Hoton get, hoton falo mai tayil da fitilu, waƙa a ƙasa, sai a rubuta wai mai bukata ya yi magana ta akwatin sirri. Wanda ke Abuja ba fitila yake tambaya ba. Yana son ya san ko motarsa za ta shiga layin a watan Agusta. Kowa ya san Gombe da zaizayar ƙasa, kwari yana cin unguwa har ya kai gindin katanga, don haka bidiyon da aka ɗauka da rani rabin labari ne. Ka fara ɗauka daga bakin kwalta, ka tako da ƙafa har ƙofar gidan, a ga hanya, a ga magudanar ruwa, a ga abin da ke bayan katanga. In damina ce, ka ɗauka washegarin ruwan sama, gani ya kori ji. Ka faɗi maganar ruwan sha da bakinka: famfon Dadin Kowa yana zuwa layin, ko rijiyar burtsatse ce, ko sai an sayi tanka? Ka faɗi girman filin, ƙafa 50 da 100 ne ko ya fi. Ka faɗi takardar da ke kansa. Kuma ka faɗi kuɗi. Na san dillalai ba sa so, suna tsoron a tsallake su ko a rage musu wurin ɗori, amma tallar da ba farashi 'yan "nawa ne" kawai take tarawa, su cinye maka kati da yini, babu mai zuwa gani.

Tsakanin kafafen ma akwai bambanci. Abin da ka ɗora a status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna yake gani, don haka ga sabon dillali mai lambobi kaɗan, kusan da danginsa yake magana. Facebook ya fi nisa, kuma in za ka biya kuɗin talla, kana iya zaɓar garuruwan da za a nuna wa. Kada ka ƙona kuɗinka a kan Gombe kaɗai, ka haɗa da Abuja da Kano. TikTok yana kawo 'yan kallo, ban cika ganin ya kawo mai biya ba, ko da yake yana sa a san fuskarka. Rediyo, irin su Progress da Amana, ya fi dacewa da mai yanka filaye da yawa. Gida ɗaya bai kai a saya masa lokaci ba.

Ciwon waya shi ne sata da rashin yarda. Bidiyonka zai fita, wani ya sauke ya ɗora a shafinsa da lambarsa da ƙarin kuɗi. Saboda haka ka fito da fuskarka a ciki, ka faɗi sunanka da muryarka tun daga farko har tsakiya, yadda ba za a yanke ba. Mai saye na nesa kuma an sha cutarsa, ko an cuci wani nasa, shi ya sa takarda ta fi kowace kwalliya jan hankalinsa. A dokar filaye ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne, kuma gidan da ke da takardar mallaka ta C of O ba a canja masa mai shi sai da amincewar gwamna. A Gombe hukumar GOGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Dillalin da zai ce wa mai saye, turo ɗan'uwanka ko lauyanka mu je a bincika kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ya riga ya wuce goma da ke rantse-rantse. In ka yi wa sana'arka rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuɗi kuma ya bi ta banki zuwa asusun mai gidan kai tsaye, ka ƙara kwantar masa da hankali.

Ko a gidan Tumfure, waya kiran farko kawai take kawowa. Mutumin Abuja ba zai biya ba sai ya turo yayansa ko amininsa, shi kuma wannan zai tsaya a masallacin layin ya tambayi waye mai gidan, waye kai. Don haka ka je ka gaida mai unguwar wurin tun kafin ka saki bidiyo.

Na Jekadafari kuma, in ya tabbata na gado ne, kada ka kai kowa gani sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, ko ka zauna da magada duka, har matan da ke aure a wani gari, kowa ya ce ya yarda. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato in ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, shi yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Ka fara tambayar su ko a cikinsu akwai mai iya sayen kason sauran.