Mai kati da mai waya: waye ɗan jarida ranar zanga-zanga?

In ana zanga-zanga a Maradi, mutane biyu ne suke bin taron suna ɗauka. Ga na gidan rediyo da katinshi na ɗan jarida rataye a wuya da makirufo, ga kuma yaron unguwa ya ɗaga waya yana layif a Facebook, kuma wallahi sau da yawa bidiyon yaron ne ke fara shiga WhatsApp tun kafin rediyo ta kai ga labaran yamma.

Mai kati yana da gata, in an kai shi komisariya (ofishin 'yan sanda) shugaban gidansu zai buga waya, ƙungiyoyin 'yan jarida su fidda sanarwa, sannan dokar 'yan jarida ta Nijar ta 2010 ta cire ɗauri kan laifin aikin jarida. Mai waya kam ba wanda zai tsaya mishi sai iyayenshi, a karɓe wayar a bincike ta, a shigar da shi ƙarƙashin dokar intanet ta 2019, wadda a 2024 aka maido mata da hukuncin kaso.

To amma katin ma ba laya ba ne. Samira Sabou ai sananniyar 'yar jarida ce, duk da haka a 2020 da dokar intanet ɗin aka rufe ta a Yamai saboda rubutun Facebook.

Ni dai aikin nake dubawa. Mai waya na da sakaci, zai yaɗa tsohon bidiyo ya ce na yau ne, ba edita a kanshi. Amma wanda ya tsaya ya ɗauki abin da ya faru, ya faɗi wuri da lokaci, ban ga dalilin a jefa shi mota don ba ya da kati ba.