Fatan ɗin ambulan da kayan zafi: yankan ya yi, amma sai an gyara

Na ɗinka rigunan lokacin zafi da fatan ɗin takarda (zanen sassan riga da ake ɗorawa a kan yadi a yanka, wanda ake sayarwa a ambulan) na kamfanonin Amurka, Simplicity, McCall's da Butterick, da kuma na mujallar Burda ta Jamus. Yankan kafaɗa da ramin hammatarsu ya fi abin da yawancin masu ɗinki a gida za su zana da tef da alli. Amma in kika bi takardar bayanin yadda take, rigar za ta fito buhu-buhu, wuyanta kuma ya yi kauri. Gyaran a takarda ake yinsa, tun almakashi bai taɓa yadi ba.

Lambar da ke bayan ambulan ba ta da alaƙa da ta kayan kanti. A wajen kamfanonin Amurka, lamba 14 na nufin ƙirji inci 36, ƙugu 28, kwankwaso 38. Sannan an zana su ne don mace mai tsayin santimita 165 zuwa 168, mai sa rigar mama B, wato tsakanin awon saman ƙirji da cikakken ƙirji bai wuce santimita 5 ba. A nan yawancin ɗinki ke lalacewa. Mai cikar ƙirji takan zaɓi lamba da awon ƙirjinta, sai kafaɗa ta zubo, wuya ya yi hamma, hammata ta sauka. Ki zaga tef ta ƙarƙashin hammata ya bi ta saman ƙirji, ki zaɓi lamba da wannan awon, sannan ki buɗa gaban rigar kaɗai. Ki tsaga takardar daga ƙasa zuwa tsinin ƙirji, ki karkata zuwa ramin hammata ki tsaya dab da layin ɗinki. Ki sake tsagawa daga gefe zuwa tsinin. Ki buɗa tsagar tsaye da rabin abin da kike buƙata, tunda takardar rabin gaba ce: in ƙarin santimita 4 kike buƙata, ki buɗa 2. Ɓangaren tsakiya zai gajarce, sai ki yanke shi a kwance ki sauke har ƙasa ta daidaita. Dat ɗin gefe, wato ninkin da ake ɗinkewa don ƙirji ya sami wuri, zai ƙara faɗi, haka ake so, amma bakinsa ya tsaya aƙalla santimita 2.5 kafin tsini, in ba haka ba zai yi tsiro.

Babban ƙorafina da waɗannan kamfanoni shi ne yawan sararin da suke bari. Rigar da suka kira mai sakewa tana iya ɗaukar ƙarin inci 5 zuwa 8 a ƙirji. Kayan zafi na son iska, gaskiya ne, amma a lilin ko auduga mai ɗan tauri wannan ya yi yawa. Awon rigar bayan an gama ɗinki yakan zo a jikin takardar, kusa da wata da'ira mai giciye. Shi za ki duba, ba jadawalin ambulan ba. Ƙarin santimita 7 zuwa 10 a ƙirji ya wadatar. Burda ta fi kama jiki, sai dai wahalarta daban ce: zanen riguna da yawa a kan shafi ɗaya, sai kin kwafe naki, kuma babu rarar ɗinki a ciki, ke za ki ƙara. Na Amurka suna zuwa da rarar santimita 1.5. Mai haɗa su biyun ba ta lura ba za ta yi asarar yadi.

Cire hannu ba cirewa kawai ba ce. Ramin hammatar riga mai hannu ya fi zurfi, don haka in kin mai da ita marar hannu, ki ɗaga ƙasan ramin da santimita 1.5 zuwa 2, ki shigar da gefe da santimita 1, don kada rigar ciki ta leƙo. Tsayi kuma a layin da aka shata don ƙari ko ragi ake gyara shi. In kin datse daga ƙasa, faɗin siket ɗin ya tafi.

Shafin wuyan da suke bayarwa, wato yankin yadin da ake ɗinkawa ta cikin wuya, wanda ake manna wa yadin ƙarfi, ban ga amfaninsa a kayan zafi ba. Yana riƙe gumi, yana bayyana ta cikin boyel, bayan wanki kuma yana juyowa waje. Bayas ya fi shi. Ki yanki tsiri a karkace daga yadin rigar, faɗin santimita 3, ki rage rarar wuyan zuwa milimita 6, ki ɗinka, ki juya ciki, ki danne. Kafin nan, da zarar kin yanka, ki bi wuyan da ɗinki layi ɗaya daga kafaɗa zuwa tsakiya, domin wuya a karkace yake, ɗauka da ajiyewa kawai na sa shi miƙewa, kuma wuyan da ya miƙe guga ba ta dawo da shi.

Rarar santimita 1.5 ɗin nan kuwa ta yi daidai da ɗinkin Faransa, wanda ke ɓoye bakin yadi ba tare da injin saƙar baki ba. Ki haɗa bayan yadi da baya ki ɗinka a santimita 1, ki datse ya rage milimita 3, ki goge, ki juya fuska da fuska ki ɗinka a milimita 5. A boyel da rayon ki sa allura 70/10, a lilin 80/12, tsawon ɗinki milimita 2 zuwa 2.5.

Lilin, auduga da rayon duk suna tsukewa, sai an wanke an goge kafin yanka. Lissafin yadin da ke ambulan an raba shi gida biyu, faɗin santimita 115 da na 150, ki tabbata wanne ke hannunki. Siket mai buɗewa na rayon kuma ki rataye shi kwana ɗaya kafin kalmasa: ɓangarorin da ke karkace za su sauko, sai ki daidaita da awo daga ƙasa, sannan ki kalmashe.