Formasiyon kwana 3 kan hira da masu shan tramol a Garwa: na ba ta 13 bisa 20

Tunda na sa hoton atestasiyo, wato takardar shaidar kammalawa, a status 'yan uwa ke ta tambayata wai formasiyon nan, wato horon da muka je, ta kai mutum ya ajiye aiki kwana 3 ya biya jaka 25 na sefa ya je? To bari in amsa gaba ɗaya in huta. Ni dai anfirmiye ne, wato nas, a wani ƙaramin lopital na unguwa a Garwa ta Kamaru, shekarata 11 a bakin aiki, kuma yawancin samarin da ake kwaso mana da dare sun faɗi suna fizge-fizge kamar masu farfaɗiya kowa ya san tramol ne. 'Yan klando masu haya da moto, 'yan dako, masu aikin auduga, har da 'yan lise, wato ɗaliban sakandare. A ƙa'ida babba ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma na kan titi ƙwaya ɗaya sai ka ga 225 a jikin katin, yaro ya watsa uku huɗu a kofi da safe ya hau moto.

Abin da aka koya mana da Faransanci suna ce masa antretiyan motibasiyonel, ni kuwa ina ce masa hirar da mutum ke ciro dalilinsa da bakinsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, William Miller, ya fara rubutu a kai a 1983 lokacin yana aiki da mashaya giya, daga baya suka haɗu da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a 1991. Wannan tarihin matar da ta koyar da mu minti goma ta yi a kai ta wuce, na ji daɗin haka.

Inda matar nan ta kama ni ranar farko ne. Ta ce mu zauna biyu biyu, ɗaya ya faɗi wani hali da yake son bari, ɗaya kuma ya dage da yi masa nasiha iya ƙarfinsa. Na ce ni sukari ne a shayi, na san yana min yawa, babana ma ciwon suga ne ajalinsa. Wallahi abokin zamana bai yi minti biyu yana min wa'azi ba sai ga ni ina cewa "eh amma ai ina tafiya ƙasa sosai", "eh amma ai gwajina lafiya lau". Ni da na kawo maganar da kaina na koma lauyan sukari! Aka yi ta dariya, amma ni jikina ya yi sanyi, don shekara 11 abin da nake yi wa yaran nan kenan. Ka ji tsoron Allah, dubi mahaifiyarka, ƙwayar nan za ta kashe ka. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce "to dokta, insha Allahu na bari", ni ina murna na yi aiki, alhali kunya ce kawai, a nan ƙasar yaro ba ya musu da babba, "to" ɗin nan na a sallame shi ne ya tafi.

Sauran kwanakin an yi ta gwaji ne: tambayar da ba a amsa ta da eh ko a'a, yaba abin kirkin da ka gani a jikin mutum tsakani da Allah, maida masa abin da ya faɗa don ya ji da kunnensa, sai taƙaitawa. Wanda ya fi min amfani ma'aunin nan ne na 0 zuwa 10. Na gwada a kan wani ɗan klando, na ce ƙanena, barin tramol nawa yake a ranka, ya ce 4. Da can sai in ce haba 4 kawai? Yanzu na ce me ya sa 4 ba 1 ba? Ya yi shiru, can ya ce wata rana ya ɗauko wata mata da goyo idonsa ya rufe a kan gadar Binuwai, kuma kuɗin auren da yake tarawa duk a ƙwaya yake ƙarewa. Ban taɓa jin irin wannan daga bakin majiyyaci ba saboda ban taɓa rufe nawa bakin ba.

To ina maki 7 suka tafi? Komai da Faransanci aka yi, takardu da bidiyo duka, mu kuwa majiyyatanmu Fillanci ne da Hausa. Wata jimlar da ke da daɗi a Faransanci in ka juya ta kai tsaye sai ta fito kamar kana yi wa mutum gatse, kuma ba wanda ya zauna da mu a kan wannan. Bidiyon ma Turawa ne a ofis mai sanyi, mutum biyu kawai da lokaci a wadace, mu minti goma gare mu layi na jira kuma baban yaron na zaune a gefe yana amsa duk tambayar da ka yi wa ɗansa. Na tambaya yaya za a yi da uban, ta ce a roƙe shi ya fita. Kai madam, a Garwa? Batun ciwon jiki da zufa da gudawa da rashin barci da ke kama wanda ya yanke tramol lokaci guda kuwa a gurguje aka taɓa shi, alhali shi ke maida yara ruwa, hira kaɗai ba ta isa ba sai an rage a hankali a hannun likita.

Babban abin haushin shi ne ba bibiya. Ita da bakinta ta ba mu labarin binciken da su Miller suka fitar a 2004 da ma'aikata 140, inda aka ga waɗanda suka tsaya a taron kwana biyu kawai bayan wata 4 abin ya fara zubewa, waɗanda aka ci gaba da sauraron hirarsu ana musu gyara su ne suka riƙe. Kin san haka amma kuka miƙa mana atestasiyo kuka hau mota, ko lambar da za a kira babu. Bayan sati uku na nemi izinin wani majiyyaci na ɗauki hirarmu a waya, na saurari minti 20 ina ƙirgawa: tambaya 17, maida magana 3 kacal, an ce ko ɗan koyo ana so su zo daidai da juna. Har nasihar ma ta dawo ta bayan gida ban sani ba.

Yanzu mu huɗu da muka je muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar muna sauraron na juna muna ƙirge, shayina cokali biyu maimakon huɗu. Wanda zai je ya je, amma kafin ka biya ka tambaye su wa zai saurari hirarka bayan an tashi, kuma a wane yare za a yi gwajin.